Tambaya da Amsa: Yadda Sabon Shiga Zai Nemi Taimakon Fasaha a Intanet

Yawancin wasiƙun da suka shigo mana a wannan karo sun karkata ne ga abu guda, wato halin da mutum kan shiga idan kwamfuta ko waya ta ƙi yin abin da ta saba, ya duba kusa ya rasa wanda zai tambaya, sannan ya juya ga intanet. Mun zaɓi guda biyar daga ciki, mun taƙaita su, mun kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne, watanni biyu ke nan da na fara koyon rubuta manhaja da harshen Python. Na kwafi wani misali daga wani darasi, da na gwada shi sai ya fito mini da jan rubutu wanda ban gane kansa ba. Na je inda masana ke amsa tambayoyi na rubuta cewa, "Python ɗina ba ya aiki, don Allah a taimaka da gaggawa." Yau kwana huɗu ke nan babu wanda ya kula ni, in ban da mutum ɗaya da ya ce in je in karanta ƙa'idojin yin tambaya. Shin girman kai ne ke damun masanan nan, ko kuwa ni ne na yi kuskure?

AMSA: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Akwai masu girman kai a cikinsu, kamar yadda ba a rasa su a kowace sana'a, amma a wannan karon kam laifin na tambayar ne. Ka sani cewa galibin masu amsa irin waɗannan tambayoyi ba biyansu ake yi ba. Mutum ne ya ɗan sami sarari a tsakanin ayyukansa, ya leƙa ya ga tambayoyi birjik, sai ya zaɓi wadda ya ga zai iya warwarewa cikin 'yan mintuna. Taka kuwa ta yi kama da ta mutumin da ya buga wa bakanike waya ya ce mota ta ƙi, sannan ya yi shiru. Kafin bakaniken ya ce uffan, sai ya ji wace irin mota ce, me ta yi kafin ta ƙi, wane irin ƙara ta yi. Wanda yake aikin sa-kai ba zai tsaya yana tatsar waɗannan bayanai daga bakinka ɗaya bayan ɗaya ba, zai wuce ne kawai zuwa tambaya ta gaba.

Wannan jan rubutu da ya tsorata ka shi ne abu mafi daraja da kake da shi a hannu. Saƙon kuskure ne, kuma da shi na'ura take gaya maka inda ta yi tuntuɓe. A harshen Python, layin ƙarshe na saƙon shi ke faɗin irin kuskuren, na samansa kuma suna nuna sunan fayil da lambar layin da matsalar ta auku. Da muka nemi ka aiko mana da shi, sai muka ga cewa abin da ka rubuta shi ne print "sannu", na'urar kuma ta amsa da cewa "SyntaxError: Missing parentheses in call to 'print'". Da ka kwafi wannan layi yadda yake, ka zuba shi a injin bincike, da ka sami amsa kafin minti ɗaya ya cika, domin mutane da yawa sun yi tuntuɓe a daidai wannan wuri kafin kai. Darasin da ka kwafa an rubuta shi ne don Python 2, kai kuwa Python 3 ne a kwamfutarka, kuma a cikinsa dole ne a saka abin da za a buga a cikin baka biyu, wato print("sannu"). Python 3 ya fito tun shekarar 2008, an kuma daina kula da Python 2 gaba ɗaya daga ranar 1 ga Janairu, 2020, amma tsofaffin darussansa suna nan a intanet babu wanda ya kwashe su.

Daga nan ka ɗauki al'adar duba kwanan watan duk wata amsa kafin ka yi aiki da ita. Manhajoji suna sauya kama a kai a kai, maɓallin da yake gefen dama bara yana iya komawa wani lungu bana, ko ma a cire shi. Amsar da aka ba mai Windows 7, wanda kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa a Janairun 2020, ba lalle ba ne ta yi wa mai Windows 11 amfani, wani lokaci ma tana iya jawo masa ɓarna. Don haka idan za ka yi bincike, ka haɗa da sunan manhajar da lambar sigarta. Akwai kuma wasu 'yan dabaru da suke rage wahala. Idan ka saka jimla a tsakanin alamomin zance, Google zai nemo shafukan da suke ɗauke da ita kalma bayan kalma. Idan ka saka alamar ɗebewa (-) a farkon wata kalma, zai cire sakamakon da ke ɗauke da ita. Abu guda da sababbin shiga kan manta shi ne su goge abin da ya keɓanta da su daga cikin saƙon kuskuren kafin su bincika, kamar sunan fayil ɗinsu ko sunansu da ya fito a adireshin babban fayil, domin babu wani a duniya da kuskurensa zai zo da wannan suna, kuma barin sa a ciki shi ke sa bincike ya dawo wayam.

Idan ka bincika, ka kuma duba littafin jagora da masu manhajar suka wallafa da kansu, amma ba ka dace ba, to lokacin tambaya ya yi. Fara da zaɓen wurin da ya dace. Stack Overflow, wanda Jeff Atwood da Joel Spolsky suka kafa a shekarar 2008, na tambayoyin rubuta manhaja ne kaɗai. Matsalolin kwamfuta na yau da kullum suna da nasu wurin mai suna Super User, masu amfani da Ubuntu kuma, wato wani nau'in Linux, tsarin gudanar da kwamfuta da wasu ke amfani da shi a maimakon Windows, suna da Ask Ubuntu. Masu waɗannan wurare suna ɗaukar su a matsayin taskar amsoshi da za ta amfani na baya, shi ya sa suke rufe tambayar da aka taɓa yi su nuna maka tsohuwar. Idan hakan ta same ka kada ka ɗauka wulakanci ne, amsar ce aka miƙa maka.

Ita tambayar kanta, kanunta ya kamata ya faɗi matsalar a taƙaice, ta yadda wanda ya san amsar zai gane tun daga nesa cewa tasa ce. Maimakon abin da ka rubuta, da cewa ka yi, "Python 3 yana ba ni SyntaxError a kan layin print da na kwafa daga darasi." A cikin bayanin kuma sai ka faɗi abin da kake son cimmawa, da abin da ka yi tsammanin zai faru, da abin da ya faru a zahiri, da abubuwan da ka riga ka gwada, sannan ka ambaci irin na'urarka da sigar manhajar. Ka kwafo saƙon kuskuren a rubuce, kada ka ɗauki hoton allon kwamfuta da waya, domin ba a iya kwafar rubutu daga hoto cikin sauƙi a gwada, kuma wanda zai zo neman irin matsalarka gobe ba zai same ta ta hanyar bincike ba. Ka faɗi abin da idonka ya gani, ka ajiye hasashe a gefe. Wanda ya rubuta cewa ƙwayar cuta ta shiga kwamfutarsa ya riga ya yanke hukunci, wanda kuwa ya ce kwamfutar tana mutuwa bayan minti 20 kuma ƙasanta yana ɗaukar zafi, ya ba masani abin da zai yi aiki da shi.

Sai abin da na fi ba muhimmanci ga masu koyon rubuta manhaja. Idan aikinka layi 300 ne, kada ka zube shi duka a gaban mutane. Ka yi ta rage shi kana gwadawa, har sai ka kai ga mafi ƙanƙantar yanki da yake haifar da kuskuren, ko da layi goma ne. Ni kaina ba zan iya ƙirga sau nawa na zauna zan rubuta tambaya ba, ina cikin rage layuka da tsara bayani sai in ga kuskuren ƙuru-ƙuru yana kallona, in goge tambayar ban aika ba. Kalmar "da gaggawa" kuwa ka daina saka ta, domin gaggawar taka ce, ba ta mai amsa ba, kuma da yawansu tana kore su ne.

TAMBAYA: Ni malamar makaranta ce. Kwamfutata ta riƙa nuna cewa ma'ajiyarta ta cika, sai na ga wani babban fayil da ban san amfaninsa ba, na yi ƙoƙarin goge shi ya ƙi. Na tambaya yadda ake goge fayil ɗin da ya ƙi goguwa, wani ya ba ni umarnin da zan rubuta, na rubuta, yanzu kwamfutar ta ƙi tashi gaba ɗaya. Ina na kauce hanya?

AMSA: Malama, Allah ya kiyaye gaba. Garin neman gira aka rasa ido. Kin kauce ne a wuri biyu, kuma na farkon ya fi yawan faruwa fiye da yadda ake zato, har masu wannan fanni suka ba shi suna, suna ce masa matsalar XY. Ainihin damuwarki ita ce ma'ajiya ta cika. Kin yi tunanin cewa maganin shi ne goge wancan fayil, sai kika yi tambaya a kan maganin da kika zaɓa, kika ɓoye ciwon. Wanda ya amsa miki bai san dalilinki ba, ya ba ki daidai abin da kika nema. Da kin ce, "Ma'ajiyata ta cika, na ga fayil mai suna kaza yana cin wuri, shin zan iya goge shi?" da an gaya miki nan take cewa na tsarin kwamfutar ne, kuma ƙin da ya yi kariya ce aka yi da gangan. Da kuma an nuna miki kayan shara da Windows yake da su a cikinsa, irin su Disk Cleanup da Storage Sense, waɗanda suke kwashe tarkace ba tare da taɓa abin da kwamfutar take buƙata ba.

Na biyu shi ne rubuta umarnin da ba ki san aikinsa ba. Duk umarnin da aka ba ki, musamman wanda yake neman izinin mai gudanarwa, ko wanda ya fara da sudo a Linux, ki fara bincika abin da kowane ɓangarensa yake yi, ko ki tambayi wanda ya ba ki ya yi miki bayani. Akwai gajerun umarni, irin su rm -rf, da suke share fayiloli ba tare da sun tambaye ki ko kin tabbata ba, kuma abin da suka share ba ya zuwa kwandon shara. Kafin duk wani babban gyara, ki kwafe muhimman takardunki zuwa wata ma'ajiya ta daban. A yanzu dai kada ki amince a sake zuba wa kwamfutar sabon Windows har sai an fara ciro fayilolinki, domin a mafi yawan irin wannan hali suna nan lafiya a cikin ma'ajiyar, tsarin tashin ne kawai ya lalace.

TAMBAYA: Ni dattijo ne, ban daɗe da fara amfani da kwamfuta ba. Ina cikin karatu sai wani gargaɗi ya rufe allon yana ƙara, yana cewa an kutsa mini kuma in kira wata lamba. Na kira, wani ya ce shi ma'aikacin kamfanin Microsoft ne, ya ce in sauke wata manhaja domin ya gyara mini daga inda yake. Na ji zuciyata ba ta kwanta ba, na kashe wayar. Na yi daidai?

AMSA: Ranka ya daɗe, ka yi daidai ƙwarai, kuma Allah ne ya tsare. Wannan tsohuwar damfara ce da ta zagaye duniya. Abin da ka gani shafi ne kawai na intanet da aka tsara shi ya cika allo ya yi kama da gargaɗin gaskiya. Kamfanin Microsoft ya sha bayyana cewa saƙonnin kuskure na Windows ba sa ɗauke da lambar waya, kuma ba ya kiran mutane haka kawai ya ce zai gyara musu kwamfuta. Manhajar da aka ce ka sauke tana cikin jinsin AnyDesk ko TeamViewer. Su kansu halastattun kayan aiki ne da masu gyara suke amfani da su, amma duk wanda ka ba izini ta cikinsu zai ga allonka, ya juya linzaminka, ya buɗe fayilolinka kamar yana zaune a kujerarka. Daga nan sai ya nuna maka wasu bayanai na yau da kullum ya ce alamun kutse ne, ya nemi kuɗin gyara, ko ya ce ka shiga asusunka na banki yana kallo.

Idan irin wannan shafi ya sake fitowa, ka danna Ctrl da Shift da Esc a tare, Task Manager, wato jerin manhajojin da suke aiki a kwamfutar, zai buɗe, ka rufe burauzar, wato manhajar da kake shiga intanet da ita, daga can, kuma idan ka sake buɗe ta kada ka yarda ta dawo da shafukan da suke buɗe a da. Idan taimakon wani kamfani kake nema, ka rubuta adireshin shafinsa da hannunka, ko ka bi ta sashen taimako da ke cikin manhajar, domin 'yan damfara sukan sayi talla ta yadda lambarsu za ta fito a saman sakamakon bincike.

Wannan gargaɗi ya shafi har masu yin tambaya a bainar jama'a. Da zarar mutum ya rubuta cewa an rufe masa asusu, sai ka ga wasu sun biyo shi ta saƙon sirri suna cewa su ƙwararru ne. Mai taimako na gaskiya a fili yake amsawa, inda sauran masana za su gani su gyara masa idan ya yi kuskure. Babu kuma gyaran da yake buƙatar kalmar sirrinka, ko lambar katin banki, ko lambobi shida da WhatsApp yake aikowa ta saƙon waya idan za a yi rajistar layi, domin wanda ya karɓi waɗannan lambobi ya karɓe asusun ke nan. Ko hoton allo za a ɗora, a fara dubawa a rufe adireshin imel da lambar waya da duk abin da ya shafi kuɗi.

TAMBAYA: Turancina ba shi da ƙarfi, ina jin kunyar in rubuta tambaya a yi mini dariya. Yaya zan yi?

AMSA: 'Yar'uwa, matambayi ba ya ɓata. Da yawa daga cikin masu amsa tambayoyin nan su ma Turanci ba harshen uwa ba ne a gare su, kuma abin da suke nema shi ne bayani bayyananne, ba nahawu ba. Ki rubuta gajerun jimloli, kowace da magana ɗaya. Kina iya rubutawa da Hausa ki fassara da Google Translate, amma ki sake karantawa ki tabbatar bai juya miki ma'ana ba, kuma ki bar saƙon kuskure da sunayen maɓallai yadda na'urar ta nuna su, kada ki fassara su. Idan wayarki a kan Hausa ko wani harshe take, ki mayar da ita Turanci na ɗan lokaci kafin ki kwafi saƙon, domin da Turancin ne aka fi tattauna shi.

TAMBAYA: Tunda yanzu akwai manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT da suke amsawa nan take ba tare da faɗa ba, ina amfanin tambayar mutane kuma? Sannan idan na warware matsalata da kaina bayan na riga na yi tambaya, dole ne in koma in faɗa?

AMSA: Malam, suna da amfani sosai ga sabon shiga, ba na musun wannan. Za ka iya zuba musu saƙon kuskure ka ce su yi maka bayaninsa dalla-dalla, ka sake tambaya sau goma ba su gaji ba. Illarsu ita ce yadda suke faɗin daidai haka suke faɗin kuskure, da murya ɗaya mai cike da tabbaci, har su ƙirƙiro sunan maɓalli ko umarnin da babu shi. ChatGPT ya fito a ƙarshen Nuwamban 2022, kuma bai yi mako guda ba masu kula da Stack Overflow suka hana ɗora amsoshinsa, saboda suna zuwa da kamannin gaskiya alhali da yawansu ba daidai ba ne. Manhajojin sun inganta tun daga lokacin, amma shawarata ita ce ka yi amfani da su wajen fahimta, duk kuma abin da zai goge fayil ko ya sauya tsarin na'ura ka tabbatar da shi a littafin jagorar masu manhajar kafin ka aiwatar. Kada kuma ka zuba musu kalmar sirri ko takardun wurin aikinka. Za ka lura cewa su ma ingancin amsarsu yana bin ingancin tambayarka ne, don haka duk abin da muka gaya wa ɗalibin da ya buɗe wannan fili ya shafe ka.

Game da komawa kuwa, babu mai tilasta maka, amma ya kamata ka koma. Duk wanda ya daɗe yana bincike a intanet ya taɓa cin karo da tsohuwar tambaya mai irin matsalarsa sak, ya gangara ƙasa da murna, sai ya tarar mai tambayar ya rubuta "na gyara, na gode" bai faɗi yadda ya yi ba. Ka rubuta matakan da ka bi ko da layi uku ne, ka ambaci sigar manhajar da abin ya yi aiki a kanta. Idan kuma amsar wani ce ta fitar da kai, ka danna alamar da ke nuna cewa ita ce ta yi aiki, domin wanda zai zo bayanka ya san wadda zai fara gwadawa a cikin amsoshi bakwai ko takwas da ke jere a ƙarƙashin tambayar.